Yadda na kai ordinatar Mushe Habu Kano a kan cinyata

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Tun da na dawo daga Kano abokai ke tare ni a bakin kasuwa da ƙofar masallaci suna cewa, "Ari, yaya Kano? Yaya taron?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in ƙara sauri. Na fara rubutawa na goge, na sake farawa na sake gogewa. Wata rana in ce karatuna bai kai ba, tunda a lakwal, wato makarantar firamare, na tsaya. Wata rana in ce zan tona wa kaina asiri ne a banza. Abin da ya sa na yarda a ƙarshe shi ne labarin ya riga ya zagaya Gure, kowa da irin ƙarin da yake yi masa, kuma akwai abin da nake nema wanda mai yiwuwa wani mai karatu ya sani.

Aikina fotokwafi ne da buga takardu a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Mushe Habu shi ne malamina na lakwal, mu mushe muke ce wa malamin boko. Ya koyar a Gamu da Bune da nan cikin gari har ya yi ritaya, yanzu kuma idonsa ya tafi. Ƴarsa, wadda ke aikin ungozoma a Difa, ta saya masa ordinatar ta hannu, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, tun yana ɗan gani, don ya rubuta abin da ya sani game da kwaruruwan ƙasarmu: wanda ya haƙa rijiya a ina, wanda ya dasa dabino, wanda ya fara ɗibar kanwa, da kwarin da rairayi ya binne har mutanensa suka tashi. Bai yi nisa ba ganin ya ƙare. Yakan ce mini, "Kowace safiya nakan tashi in tarar wani suna ya tafi." Ban taɓa cewa zan rubuta masa ba, domin ina jin nauyin ya ga irin rubutuna. Shi ma bai taɓa roƙon kowa ba.

Ana haka sai wani saƙon murya ya shigo wayata. Mai maganar yana da murya mai daɗi. Ya ce kamfanin da ke yin babbar manhajar da ke tafiyar da ordinatar, wadda muke ce wa sistem, zai fito da sabuwa wadda duniya ba ta taɓa ganin irinta ba. Ya ce kana magana tana rubutawa, da kowane yare, kuma kyauta ce. Ya ce masu sayar da injuna a Kano sun shirya taro don nuna ta, kowa ya zo.

Ni mutum ne da nakan koma in taɓa kwaɗon shago bayan na riga na kulle, in tafi, in sake dawowa in taɓa. Amma wannan saƙon ban bincika shi ba. Na ruga gidan Mushe na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Har da Hausa?" Na ce, "Kowane yare fa aka ce, Mushe. Har Barbarci ma." Wannan ƙarin na Barbarci daga bakina ya fito, ba daga saƙon ba.

Na ɗauka abin kamar rigakafi ne: sai ka kai yaro wurin da ake yi, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu kafin magani ya ƙare. Saboda haka na cire akwatin ordinatar, na bar allon da kilabiye, wato faifan maɓallan rubutu, na naɗe shi da bargon matata Hadiza, na ɗaure da igiya.

Ranar tafiya na so in sulale shiru, amma Mushe ya riga ya gaya wa liman. Na iso otogar, wato tashar mota, na tarar da rabin unguwarmu. Aka yi fatiha. Mushe ya laluba ya ɗora hannunsa a kan bargon, ya ce, "Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya." Ku ya ce, ni da ita. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe mini hannun riga ta ce in ordinatar ta dawo ita ma za ta yi mata magana ta rubuta wa ɗanta da ke Libiya. Na ce in sha Allah, Inna.

Direba ya so a ɗaure akwatin a bisa mota tare da buhunan dabino da akuya biyu. Na ƙi. Ya ce to in ɗauka a cinya. Haka na ɗauka. Kusa da ni akwai wata ƴar kasuwa, Hajiya Zara, mai kai cuku da turaren wuta Kano ta sayo atamfa. Tun kafin mu bar gari ta fara.

"Malam, jaririn naka ba ya kuka?"

Na ce, "Ordinatar ce, Hajiya."

"To Allah Ya raya. Mace ce ko namiji?"

Mota duka ta yi dariya. A Gidimuni aka tsaya, kowa ya sauka sayen rake da rogo. Ni ban sauka ba, don ina tsoron in ajiye ta wani ya zauna a kai. Hajiya ta miƙo mini rake ta taga ta ce mai jego ba ya zama da yunwa. Kowane rami muka faɗa sai in ɗaga akwatin sama da hannu biyu don kada abin cikinsa ya girgiza. Kafin mu kai Mirya ƙafafuna sun mutu, ban jin su ko kaɗan. Da muka isa Damagaram sai da direba ya kama ni na sauka, kamar ni ne tsohon.

Na kwana a gidan wani ɗan ƙanen babana a Damagaram. Da safe na hau kabu-kabu zuwa tashar motocin Kano, akwatin a tsakanina da mai babur, yana ta cewa in daina matse shi. A tasha na sake cin karo da Hajiya Zara. Ta tafa hannu ta ce, "Mai jego! Jiya ya bar ka ka yi barci?"

Bayan Matamai muka isa iyaka. Na shirya kartidantite, wato katin shaida, da katin rigakafi tun daga gida, na sa a aljihun gaba, ina taɓa su a kai a kai. Takarduna babu matsala. Wani ma'aikacin duwan, masu binciken kaya a iyaka, ya nuna bargon ya ce in kwance. Na kwance a gaban jama'a. Ya duba akwatin gaba da baya, ya hura ƙurar da ke bayan fanka, ya ce, "Sayarwa za ka yi?" Na yi masa bayani duka, har da Mushe da kwaruruwa. Mutumin kirki ne, ya saurare ni. Sannan ya ce, "Amma Malam, ai irin wannan ta intanet ake sauke shi, kowa a gidansa. Ba a kai inji."

Na ce, "Wannan sabo ne, daban yake."

Ya ce, "To, Allah Ya sa." Ya taimake ni na sake ɗaurewa.

Daga nan har Daura ina ta juya abin a raina. Maganarsa ta zauna mini a ƙirji. Na yi ta gaya wa kaina cewa shi aikin iyaka ya sani, ba aikin inji ba. Na sake kunna saƙon a kunnena, na ji babu inda mai muryar ya ce a kawo inji. Zufa ta karyo mini. Hajiya ta lura, ta daina tsokana, ta ba ni ruwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a wancan gefe shi ne yawan mutane. A wurinmu kana barin gari sai rairayi da ƙaya har ka gaji da kallo. Can kuwa gari na ƙarewa wani na farawa. Kuma Hausar tamu ɗaya ce, amma ba ɗaya ba ce. Na ce wa wani ina neman otogar, ya dube ni kamar na yi zagi. Ordinatar kwamfuta suke ce mata. In na buɗe baki sai a ce, "Ɗan Nijar ne," wasu da fara'a, wasu don su ƙara kuɗin mota.

A Kano na sauka wurin Alhaji Bukar, mutumin Bune ne mai fataucin dabino, ya daɗe a can. Ɗakin baƙinsa cike yake da fatake, kowa da tabarmarsa. Na sa akwatin a wajen kaina, na juya shi ta yadda ba zai kasance a gaban mai salla ba. Alhaji ya sa aka kawo gurasa da yaji da ƙuli, abin da ban taɓa ci ba, ga taushi ga daɗi. Shayinsu kuwa ban gane shi ba. Mu a Gure mun saba da ƴar buta a kan gawayi, da ƙananan kofuna, na fari mai ɗaci, na bayansa mai zaƙi, ana sha ana hira. Can sai a cika maka babban kofi da madara kamar kunu, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Na sha don kada in raina kyauta, cikina kuwa ya yi ta ƙugi har washegari.

Alhaji ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da na gama ya ce, "Mushe Habu ya koyar da ƙannena biyu. In abin nan ya yiwu, ka yi aikin lada." Wannan ma ya ƙara mini nauyi.

An yi taron a wani babban zaure mai sanyi kamar cikin firiji. Na je da wuri don in samu layin gaba, sai na tarar babu layi. Matasa ne birjik, kowa da waya ko ƴar kwamfuta siririya a jaka. Babu wanda ya rungumo bargo sai ni. Mai gadin ƙofa ya ce masu gyara suna kasuwa, ba nan ba. Na ce taron na zo. Ya bar ni na shiga, amma na ji yana gaya wa abokinsa wani abu suna dariya.

A wurinmu in za a yi taro sai an gaisa da kowa, an tambayi gida da gajiya da dabbobi, kafin a taɓo abin da ya tara mutane. Can addu'a gajeriya aka yi, aka kashe fitilu, aka saki kiɗa mai ƙarfi har na ji akwatin na rawa a cinyata. Sai aka haska wani babban allo. Ashe masu sistem ɗin ma ba su zo ba. Hotonsu ne ake nunawa daga ƙasarsu, suna Turanci, wani mai gabatarwa da jar hula yana fassara mana. Wani Bature ya fito yana magana a hankali, yana dafa ƙirji kamar zai yi kuka. Mai jar hula ya ce yana cewa yau rana ce da za ta canza rayuwar kowa. Na gyara zama.

Sai aka nuna abin. Maɓallin da ake dannawa a fara aiki, wanda ke kusurwar hagu a ƙasa, an mayar da shi tsakiya. Aka yi tafi. Kusurwoyin tagogin da ke buɗewa a allo, da masu kaifi ne, yanzu an lanƙwasa su. Aka yi tafi. An sa sabon hoton baya mai kama da shuɗin mayafi da aka murɗe. An canza ƙarar da take yi in an kunna ta, aka sa mana muka ji har sau biyu. Ina ta jira a zo ga babban abin. Wani saurayi a gefena ya yi tsaki ya ce, "Tsohon ne aka yi wa kwalliya." Wasu suka fara fita.

Can kusa da ƙarshe aka nuna wata mata tana magana, rubutu na fitowa. Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu, abin da ban taɓa yi ba ko a aji. Aka miƙo mini abin magana. Na so in tashi tsaye don ladabi, akwatin ya hana ni, sai na tashi da shi a rungume. Na yi sallama, na ce daga Gure nake a Nijar, na tambaya ko tana jin Hausa.

Mai jar hula ya ce, "Baba, Turanci take ji, da Faransanci, da wasu manyan harsuna. Hausa sai nan gaba, in Allah Ya so. Kuma sai da intanet mai ƙarfi. Wannan mene ne a hannunka?"

Na ce, "Ita ce na kawo a sa mata."

Ban ce duk zauren ya yi dariya ba, kada in ɗauki alhakin mutane. Amma waɗanda suka yi sun isa. Na ga wayoyi sun ɗaga suna ɗaukar hotona. Na zauna, na ji kamar a buɗe ƙasa in shige.

Bayan an tashi wani mai gyaran kwamfuta, dattijo mai furfura a gemu, ya biyo ni waje ya ce in zo shagonsa a duba, ba sai na biya ba. Ya haɗa ta da allonsa. Ya yi ta fama domin komai na cikinta da Faransanci yake, ni nake karanta masa. Can ya ce, "Malam, ko da tana jin Hausa, wannan injin ba zai ɗauki sabon ba. Ya tsufa. Zan iya tura masa da ƙarfi, amma sai na share duk abin da ke ciki, kuma zai riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa." Na tuna ɗan abin da Mushe ya rubuta kafin idonsa ya tafi yana ciki. Na ce a'a, a bar ta yadda take. Ya buɗe ta ya share mata ƙura, ya ƙara ɗaure wata waya da ta saki a hanya. Iyakar abin da ta samu a Kano ke nan.

Ban iya gaya wa Alhaji Bukar da bakina ba. Ya dubi fuskata ya gane, ya ce, "Ci abinci tukuna." Da zan tafi ya ba ni turare in kai wa Mushe.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai a iyaka na yi ta addu'a kada in haɗu da ma'aikacin nan, kuma na haɗu da shi. Ya ce, "An dace?" Na ce, "Gaskiyarka ce." Sai ya ce in gaida malamin.

Da muka kusa Gure na roƙi direba ya sauke ni kafin otogar, na bi ta bayan gari na shiga gida. Hadiza kaɗai na gaya wa. Ta ce, "To ka je ka faɗa masa yanzu, kafin mutane su zo." Na ce sai da safe, in huta in san yadda zan jera maganar. Ban yi la'akari da cewa a garinmu matafiyi ba ya ɓuya ba. Da hantsi an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, masu sannu da zuwa sun cika, an ɗora buta. Ina cikin amsa gaisuwa sai ga Mushe, matarsa na riƙe da sandarsa, wani maƙwabci na ɗauke da allon da kilabiye. A hannun Mushe akwai mikoro, abin magana, sabo fil a ledarsa. Ashe bayan tafiyata ya yi sautu daga Damagaram.

Ya ce, "Ari, sannu da hanya. Haɗa ta mu ji."

Na haɗa, domin hannuna na neman abin yi. Ta kunnu da tsohuwar ƙararta. Mutane suka matso. Mushe ya gyara hula, ya kai mikoro bakinsa, ya yi bisimilla, ya yi wa injin sallama kamar yadda ake yi wa babban mutum. Ya ce, "Ni Habu, zan fara da kwaruruwan gabas da Bune."

Na ce, "Mushe, dakata."

Na faɗa masa duka a gaban kowa: ba ta jin Hausa, ba ta ɗauki sabon ba, ba a ma kai inji, kuma maganar Barbarci ni na ƙara.

Ya ce, "To me suka ƙara, da suka tara duniya?"

Na ce, "Sun mayar da maɓallin farawa tsakiya."

Wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Mushe bai yi ba. Ya sauke mikoro a hankali ya ajiye a cinyarsa. Sannan ya ce, "Tun da ka tafi nake jera sunaye a kaina, ina maimaita su safe da yamma don kada su watse kafin ku dawo. Yanzu suna nan a jere. Ita ba ta ji. Kai kana ji?"

Na ce, "Ina ji, Mushe, amma rubutuna..."

Ya ce, "Na san rubutunka, ni na koya maka. Ja kilabiye."

A nan, a gaban masu sannu da zuwa, muka fara. Tun daga ranar nake zuwa gidansa kowace safiya kafin in buɗe shago. Yana faɗa ina bugawa da yatsa biyu. Ga inda matsalar take: ba ni da sauri. Dole ya tsaya ya jira ni, kuma a cikin jiran wani lokaci abin da ke bakinsa yakan kuɓuce. Wata safiya ya kawo sunan mutumin da ya fara dasa dabino a wani kwari, ina can ina gyara layin baya da na ɓata, na ce ya maimaita, ya buɗe baki babu. Mun jira har rana ta ɗaga, bai dawo ba. Ni ma ban riƙe shi ba, hankalina na kan maɓallai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in bar wurin fili, mu ci gaba.

Saboda haka ina roƙon masu karatu abu biyu. Duk wanda ya san wata hanya da inji zai rubuta Hausa daga bakin mai magana, a tsohuwar ordinatar, a garin da intanet ke zuwa tana ɗaukewa, ya sanar da ni, amma don Allah sai wanda ya gani da idonsa ya gwada da bakinsa. Na biyu kuma ya fi gaggawa. In akwai dattijo a Bune ko kewayenta da ya san kwarin nan na gabas mai rijiya biyu, wanda rairayi ya cinye har mutanensa suka koma bakin hanya, kuma ya san sunan wanda ya fara dasa dabino a cikinsa, ya aiko wa Ari mai fotokwafi a bakin kasuwar Gure. Wurin sunan yana nan fili.